Taɓon Wadden: Yadda Tsuntsaye Suka Zaunar Da Ƙasashe Uku A Teburi Ɗaya

A bakin kogin Ems, inda yake zuba a Tekun Arewa, akwai wani yanki na ruwa da taɓo wanda har yau Jamus da Holan ba su daidaita a kan inda iyakarsu ta ratsa cikinsa ba. Jamus tana cewa iyakar tana bin gaɓar Holan, watau bakin kogin dukkansa nata ne. Holan kuwa tana cewa iyakar tana bin tsakiyar kwarin ruwan, kamar yadda aka saba a sauran koguna. A 1960 suka sa hannu a kan yarjejeniyar da ta tsara yadda za su riƙa amfani da wurin tare, kowacce kuma ta riƙe da'awarta ba ta saki ba. Wannan yanki da aka kasa tantance mai shi wani ɓangare ne na Tekun Wadden, wurin da a yau ake buga misali da shi idan ana maganar kare dausayin bakin teku da ya ƙetara iyakar ƙasa da ƙasa.

Kiransa teku ma sai da bayani. Wadden doguwar rairayi ce da taɓo mai tsawon kimanin kilomita 500, daga Den Helder a Holan, ta bi gaɓar Jamus, ta ƙare a kusa da Esbjerg a Denmak. Jerin tsibirai ne suka yi mata katanga daga babban teku. Sau biyu a kowace rana ruwa yana shigowa ta tsakanin tsibiran ya rufe ta, sau biyu kuma yana janyewa ya bar sararin laka iya ganin ido, har mutum ya iya takawa da ƙafa daga gaɓa zuwa wasu tsibiran idan yana da ɗan jagora. Babu wani sararin taɓon bakin teku a duniya da ya kai shi girma ba tare da yankewa ba. Wanda ya kalle shi daga nesa zai ce kufai ne, amma a ƙarƙashin lakar akwai tsutsotsi da ƙananan ƙaguwa da jatan lande da halittu masu ɓawo biyu irin ƙumbar kogi, masu yawan da ba ya ƙidayuwa. Saboda su ne tsuntsaye miliyan 10 zuwa 12 suke yada zango a nan kowace shekara.

Da yawa daga cikinsu tsuntsayen gaɓa ne, dangin zakaran ƙeƙuwa, masu dogayen ƙafafu da bakin caccakar laka. Ɗaya daga ciki ya isa ya nuna abin da ke kan faifai. Masana suna kiransa Calidris canutus, a nan kuma za a kira shi kanutu. An ce sunan ya samo asali ne daga Sarki Canute, wanda ya mulki Denmak da Ingila a ƙarni na 11, wanda labari ya ce ya zauna a bakin teku ya umarci ruwa ya tsaya, ruwa ya ƙi. Kanutu bai kai kurciya girma ba. Wani jinsinsa yana yin ƙwai a Taimyr, can arewacin Sibiriya ta Rasha, ya yi hunturu a gaɓar Mauritaniya da Gini Bisau. Idan lokacin komawa ya yi, yana tashi daga Mauritaniya ya yi tafiyar kimanin kilomita 4,000, galibi ba tare da sauka ba, ya faɗo Wadden a rame. A cikin 'yan makonni sai ya ci ya tara kitse har nauyinsa ya kusa ninkawa, sannan ya sake tashi zuwa Sibiriya. Idan ya iso bai tarar da abinci ba, babu wani zango mai girman wannan a kan hanya da zai koma. Ko dai ya isa Sibiriya a makare kuma a galabaice, ko kada ya isa.

Shekara dubu ana korar teku

Mutanen wannan gaɓa ba su taɓa kallon taɓon a matsayin abin da za a adana ba, kuma suna da hujja. Tun kafin zamanin Rumawa suna zaune ne a kan tuddan da suka tara da hannunsu, ruwa ya cika ya kewaye su, ya janye ya bar su. Marubucin Rum, Pliny, ya ga irin wannan zama a ƙarni na farko, ya kuma bayyana mazaunan a matsayin abin tausayi. Daga wajen ƙarni na 11 suka fara gina jinga, watau doguwar ganuwar ƙasa da ke tare ruwa, suna ƙwace fili daga teku suna mayar da shi gona da makiyaya. Dokar jinga ta kasance mai tsanani: wanda ya kasa gyara rabonsa sai ya kafa shebur a kai, duk wanda ya zare shebur ɗin ya ɗauki nauyin gyaran, gonar kuma ta zama tasa.

Teku ma bai zauna ba. A ambaliyar 1362 garin Rungholt ya nutse gaba ɗaya tare da dubban mutane. A 1634 wata ambaliyar ta farfasa tsibirin Strand. Ta daren Kirsimetin 1717 ta kashe fiye da mutum 10,000 a gaɓar ƙasashen uku. A ƙarni na 20 ma, ambaliyar 1953 ta halaka mutum 1,836 a kudu maso yammacin Holan, ta 1962 kuma ta kashe fiye da 300 a Hamburg. Al'ummar da ta binne kakanninta sau da yawa haka, ba za a yi mamaki ba idan ta ɗauki kowace taƙi da aka ƙwato daga ruwa a matsayin nasara. Frisawa, mazauna gaɓar, suna da wata magana da ke cewa Allah ne ya halicci teku, Bafrise kuma ya gina gaɓa.

Da injuna suka zo sai aikin ya ƙara sauri. A 1932 Holan ta kammala Afsluitdijk, madatsa mai tsawon kilomita 32 wadda ta datse babban gulbin Zuiderzee ta mayar da shi tafkin ruwan daɗi. Jamus ta riga ta haɗa tsibirin Sylt da gaɓa a 1927, Denmak ta yi wa Rømø haka a 1948. A farkon shekarun 1960 injiniyoyin Holan suna da zane-zanen da za su haɗa tsibiransu da madatsu, su busar da abin da ke tsakani. A wancan lokacin wannan shi ne ci gaba, kuma kusan babu mai musu.

Wasiƙar ɗan makaranta da gubar kogin Rhine

A 1965 abubuwa biyu suka faru. Na farko, wani yaro ɗan shekara 16 mai suna Kees Wevers ya ji labarin shirin gina madatsu biyu zuwa tsibirin Ameland, ya rubuta wasiƙar ƙorafi yana neman masu ra'ayi irin nasa su haɗu. A watan Oktoba na shekarar aka kafa ƙungiyar Waddenvereniging a garin Harlingen, wadda cikin 'yan shekaru ta tara dubban mambobi. Gwamnati ta yi abin da gwamnatoci suka saba, ta kafa kwamiti. Sai dai wannan kwamitin, wanda aka fi sani da sunan shugabansa Mazure, ya ba da mamaki: a 1974 ya ba da shawarar a bar Wadden a buɗe, domin ribar busar da shi ba ta kai kuɗin da za a kashe da asarar da za a yi ba. Lissafin kuɗi ya taimaka wa tsuntsaye a nan fiye da tausayi. Turai ta fara samun rarar abinci, sabuwar gona ta rage daraja.

Abu na biyu ya fi muhimmanci ga tarihin iyaka. A tsakiyar shekarun 1960 tsuntsaye suka riƙa faɗuwa matattu a tsibirin Griend da kewayensa. Wani farin tsuntsun teku mai nutso ya kamo kifi, wanda a shekarun 1950 ake ƙirga dubban gomomin ma'auratansa a Holan, ya ragu zuwa ƙasa da ma'aurata 1,000 a 1965. Bincike ya gano magungunan ƙwari ne, telodrin da dieldrin, waɗanda suka tsiyayo daga masana'anta a kusa da Rotterdam, suka bi bakin kogin Rhine, igiyar teku ta kwaso su ta yi arewa da su har cikin Wadden. Gubar ta shiga kifi da ƙumba, daga nan ta shiga tsuntsu. Igiyar da ta kawo ta Griend kuwa ba a nan ta tsaya ba, gaba ta yi zuwa ruwan Jamus da Denmak. Masu nazarin halittu suka fara faɗa da babbar murya cewa abin da taswira ta raba uku, ruwa ɗaya ne, laka ɗaya, garken tsuntsaye ɗaya.

Tunanin yana yawo a duniya a lokacin. A 1962 masana sun taru a Camargue ta Faransa suna neman a yi yarjejeniyar duniya a kan dausayi, kuma a ranar 2 ga Fabrairun 1971 aka sa mata hannu a garin Ramsar na Iran. Damuwa a kan tsuntsayen ruwa masu ƙaura ce ta haife ta, sunanta cikakke ma ya ambace su. Sashe na 5 ya wajabta wa ƙasashe su riƙa tuntuɓar juna a kan dausayin da ya ratsa iyakarsu. Amma bai faɗi yadda za a yi ba, bai kuma tanadi hukunci ga wanda ya ƙi ba.

Takardar da ba ta da haƙora

A 1978 wakilan gwamnatocin Holan da Jamus ta Yamma da Denmak suka yi taronsu na farko a kan Wadden a birnin Hague. A watan Disambar 1982, a Copenhagen, suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa. Gajeriyar takarda ce, ba yarjejeniyar da majalisu suka amince da ita ba, babu kotun da za a kai wanda ya saɓa mata. Abin da ta ƙunsa shi ne alkawarin tuntuɓar juna da daidaita matakai wajen aiwatar da dokokin duniya da kowacce ta riga ta karɓa. A 1987 aka buɗe ƙaramar sakatariya a Wilhelmshaven ta Jamus, aka ɗora wani ɗan Denmak, Jens Enemark, wanda ya riƙe ta fiye da shekara 25.

Yana da kyau a tuna abin da ƙasashen ke yi da ɗaya hannun a daidai wannan lokaci. Bayan guguwar Janairun 1976 ta sa an kwashe mutanen garin Tønder, Denmak da Jamus suka haɗu suka gina sabuwar jinga a gaban tsohuwar, wadda ta ratsa iyakarsu, aka gama ta a 1981. Ta cinye taɓo da makiyayar gishiri masu yawa, har Denmak ta haƙa tafkin ruwan gishiri a bayan jingar don ta rage wa tsuntsaye asara. Watau babban aikin haɗin gwiwa na farko da aka gani da ido a kan wannan iyaka bayan taron Hague, aikin cin taɓo ne. A 1987 Jamus ta datse gulbin Nordstrand, wanda ya zama babban aikin ƙwatar ƙasa na ƙarshe a yankin. A shekarar nan dai aka fara haƙo man fetur a Mittelplate, rijiyar mai mafi girma a Jamus, a cikin taɓon da aka ayyana gandun ƙasa shekara biyu kafin nan.

Kowace ƙasa ta bi hanyarta wajen karewa. Holan ta yi amfani da dokar tsara ƙasa ta 1980. A Jamus, inda kula da muhalli ke hannun jihohi, sai aka sami gandun ƙasa har uku: Schleswig-Holstein a 1985, Lower Saxony a 1986, Hamburg a 1990. Denmak ta fara da dokar keɓe namun daji, ta bar wa mafarauta wasu wurare, ba ta ayyana nata gandun ba sai 2010. Mutanen gaɓa ba su karɓi abin hannu bibbiyu ba. A Schleswig-Holstein masunta da makiyaya da masu jinga sun ga kamar 'yan birni ne suka zo koya musu zama da tekun da suka yi shekara dubu suna fama da shi, kuma an yi zanga-zanga mai zafi a shekarun 1990 lokacin da aka so faɗaɗa gandun. Shi ya sa iyakarsa ta fara daga mita 150 a gaban jinga, aka kuma bar manyan tsibiran da mutane ke zaune a waje.

To mene ne amfanin sakatariyar da ba ta iya hana kowa komai? Amsar tana cikin aikin da ba ya shiga kanun labarai, wato ƙidaya. Kafin haɗin gwiwar, kowace ƙasa tana ƙirga tsuntsayenta a ranar da ta ga dama da hanyar da ta ga dama, ta yadda garken da aka ƙirga a Holan ranar Litinin ana iya sake ƙirga shi a Jamus ranar Alhamis. Daga ƙarshen shekarun 1980 aka daidaita ranaku da hanya. Ɗaruruwan mutane, yawancinsu 'yan sa-kai, suna fita a lokacin cikar ruwa, sa'ad da tsuntsaye ke taruwa a 'yan tuddan da suka rage, su ƙirga a tare daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Da zarar alƙaluma suka zama ɗaya, minista ba ya iya cewa tsuntsayensa maƙwabta suka koma, domin takardar maƙwabtan tana gabansa. A taron Esbjerg na 1991 suka amince da manufa guda, cewa a bar al'amuran halitta su gudana da kansu gwargwadon iko, a 1997 kuma a Stade suka fitar da tsarin kulawa na bai ɗaya. Ga mutanen da tarihinsu duka na juya ruwa ne zuwa inda suke so, rubuta cewa za a ƙyale shi ba ƙaramin sauyi ba ne.

Inda haƙoran suka fito

Bala'i ya yi abin da taro bai yi ba. A 1988 annoba ta faɗa wa sil, dabbar teku mai shayarwa da ke hawa tudun rairayi ta haihu, ta kashe fiye da rabin waɗanda ke Wadden. Gawawwakin sun watsu a gaɓar ƙasashen uku ba tare da bambanci ba. A 1990 suka sa hannu a kan yarjejeniyar kare ta, wadda ita kam doka ce mai ɗaurewa, kuma ita ce ta farko a ƙarƙashin Yarjejeniyar Bonn ta 1979 a kan dabbobi masu ƙaura. Bayan shekara goma da annobar, a watan Oktobar 1998, jirgin dakon katako mai suna Pallas ya kama da wuta a kusa da gaɓar Denmak. Aka ceto kusan dukkan ma'aikata, jirgin kuwa ya yi ta yawo ba matuƙi har ya shiga ruwan Jamus, hukumomi suna ta jan ƙafa a kan wa ke da alhakin janye shi, ya je ya kafe a kusa da tsibirin Amrum. Man da ya zuba ya kashe tsuntsaye kimanin 16,000. Daga baya Jamus ta kafa rundunar ko-ta-kwana guda a Cuxhaven, a 2002 kuma hukumar sufurin teku ta duniya ta ayyana Wadden a matsayin yanki mai buƙatar kulawa ta musamman.

Rikicin da ya fi shafar kanutu kai tsaye shi ne na ƙumba. Jiragen Holan suna da injin da ke feshin ruwa da ƙarfi a cikin laka ya tsotso ƙumba tan-tan, ya bar ƙasan a kwarzane. A wajen 1990, bayan shekarun da ƙumba ba ta hayayyafa sosai ba, jiragen suka kwashe kusan duk abin da ya rage, agwagin teku da wasu tsuntsayen gaɓa suka mutu da yunwa. Kanutu yana haɗiye ƙumba ne ɗungurungum da ɓawonta, ƙundunsa ya niƙe. Theunis Piersma da abokan aikinsa a cibiyar nazarin teku ta Holan da ke tsibirin Texel sun nuna cewa a wuraren da aka kwarzane, ƙumbar da ke tsirowa tsokarta kaɗan ce ɓawonta da yawa. Tsuntsun da ya iso da ƙaramin ƙundu, kamar yadda yake kasancewa bayan doguwar tafiya, ba ya iya niƙa abin da zai ƙosar da shi. Duk wannan yana faruwa ne a cikin yankin da a takarda yake ƙarƙashin kariya iri-iri.

Haɗin gwiwar ƙasashen uku bai hana wannan ba, kuma ba shi da ikon hanawa. Waddenvereniging da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Holan ne suka kai gwamnati ƙara, shari'ar ta dangana da Kotun Tarayyar Turai. A ranar 7 ga Satumbar 2004 kotun ta yanke cewa, a ƙarƙashin dokar Turai ta 1992 a kan mazaunin halittu, ba za a ba da lasisin irin wannan aiki ba sai idan babu wani shakku mai ma'ana a kimiyyance cewa ba zai yi ɓarna ba. Nauyin kawo hujja ya koma kan mai neman lasisi. Har yau lauyoyin muhalli a duk Turai suna dogara da wannan hukunci. Daga farkon 2005 aka haramta kamun ƙumba da inji a ɓangaren Holan, aka biya masu jiragen diyya, aka bar masu kamawa da hannu. Sai dai cinikin siyasa ne aka ƙulla: a lokaci guda gwamnati ta buɗe ƙofar haƙo iskar gas daga ƙarƙashin taɓon, bisa sharaɗin za a rage ko a rufe famfo idan ƙasa ta fara nutsewa fiye da kima, ta kuma yi alkawarin asusun yuro miliyan 800 don yankin. Wasu sun kira shi hikima, wasu sun ce an sayar da akuya ne an sayo kura.

A 2009 UNESCO ta sa ɓangarorin Holan da Jamus cikin jerin Kayan Gadon Duniya, Hamburg ta shiga a 2011, Denmak a 2014, jimilla kimanin murabba'in kilomita 11,500. An zagaye rijiyar Mittelplate da layi aka fitar da ita daga taswirar. A 2023 kwamitin UNESCO ya yi gargaɗin cewa haƙar gas da mai da gishiri ba sa tafiya tare da wannan matsayi. Duk da haka, wanda ke son ganin abin da aka tsallake sai ya duba Saemangeum a Koriya ta Kudu. A 2006 aka rufe madatsa mai tsawon kilomita 33 a can, wadda ta zarce Afsluitdijk, aka datse taɓo kimanin murabba'in kilomita 400, dubban gomomin wani babban ɗan'uwan kanutu suka ɓace daga ƙidaya. Irin zanen da injiniyoyin Holan suka ajiye a 1974 ke nan.

Iyakar ta sake matsawa

Lokacin da UNESCO ta karɓi Wadden, ta haɗa da wata buƙata: ƙasashen su ƙarfafa haɗin kai da sauran ƙasashen da tsuntsayen ke bi. Masana sun daɗe da sanin dalili. A 1980 ayarin matasan masu bincike daga Holan, Piersma yana cikinsu, sun je Banc d'Arguin a gaɓar Mauritaniya, inda Sahara ke gangarowa cikin Tekun Atlantika, suka ƙirga tsuntsayen gaɓa fiye da miliyan 2. Da yawansu na Wadden ne, ko kuma a ce na Wadden ɗin nasu ne, tunda a Afirka suka fi daɗewa a cikin shekara. Mauritaniya ta riga ta ayyana wurin gandun ƙasa tun 1976, bisa shawarar masanin Sahara Théodore Monod, shekara tara kafin Jamus ta yi nata na farko a Wadden, ya kuma shiga jerin UNESCO a 1989, shekara 20 kafin Wadden. A cikinsa babu mai izinin kamun kifi sai Imraguen, masuntan da ke zaune a 'yan ƙauyukan gaɓar, su ma da jiragen filafilai, ba inji. Ƙasa matalauciya ta hana kanta abin da Holan ta ci gaba da yi a nata taɓon har 2005. A wajen iyakar gandun kuwa, tun tsakiyar shekarun 1990, manyan jiragen kamun kifi na Turai, har da na Holan, suna kwasar kifi bisa yarjejeniya da Tarayyar Turai.

A 2012 aka ƙaddamar da shirin haɗin gwiwa a kan hanyar ƙaurar tsuntsayen, a 2014 aka sa hannu a kan takardar fahimtar juna tsakanin Wadden da Banc d'Arguin. Da Gini Bisau, mai tsibiran Bijagós, hulɗar ta faro tun shekarun 1990. Abin da aka fi yi shi ne dai abin da aka iya: horar da masu ƙidaya da daidaita rana. A Janairun 2014, da 2017, da 2020, da 2023, an ƙirga tsuntsaye a lokaci ɗaya a gaɓar ƙasashe fiye da 30, daga arewacin Turai zuwa Afirka ta Kudu.

Ƙasar Hausa ba ta da gaɓar teku, amma ba ta wajen wannan lissafi. Dausayin Haɗejiya da Nguru, wanda wani ɓangarensa ya zama wurin Ramsar na farko a Nijeriya, yana karɓar tsuntsayen gaɓa daga Turai da Sibiriya a kowane rani, ciki har da Calidris pugnax, ɗan'uwan kanutu, wanda ke tsintar hatsin shinkafa a fadama bayan girbi, wanda kuma wasu garkunansa ke bi ta Holan idan za su koma. Nijeriya da Nijar duk suna cikin yarjejeniyar tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai da Asiya, wadda aka ƙulla a Hague a 1995. Kuma kamar yadda gubar Griend ta fito daga nesa, abin da ya rage ambaliyar da ke rayar da fadamun Nguru an yanke shi ne a sama, a madatsun Tiga na 1974 da Challawa na 1992.

Ƙidayar bai ɗaya ba ta kawo labari mai daɗi ba. Bayan shekaru 40 na kariya, jinsuna da dama na tsuntsayen da ke cin abinci a laka sun ragu a Wadden, kuma masu yin ƙwai a Sibiriya suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. A 2016 Jan van Gils da abokansa suka wallafa wani bincike a mujallar Science wanda ya haɗa ƙarshen hanyar biyu. A cikin shekara 33, narkewar ƙanƙara a Taimyr ta matso gaba da fiye da mako biyu. Ƙwarin da 'yan tsakin kanutu ke ci suna fitowa da wuri, ƙwai kuwa yana ƙyanƙyashewa a lokacin da ya saba, sai 'yan tsakin su tarar kakar ta wuce. Suna tasowa da ƙaramin jiki da gajeren baki. Idan suka isa Banc d'Arguin, ƙumbar da ta fi yawa tana binne a zurfin da gajeren baki ba ya kaiwa, sai su koma cin saiwar ciyawar teku, wadda ba ta riƙe su. Masu gajeren baki sun fi mutuwa kafin su cika shekara. Bambancin duka 'yan milimitoci ne.

Taimyr tana cikin Rasha, Rasha kuma ba ta cikin yarjejeniyar 1995. Tun daga 2022 hulɗar bincike tsakaninta da ƙasashen Yammacin Turai ta tsaya a mafi yawan fannoni, ta yadda masu ƙidaya a Texel da Mauritaniya suna ganin abin da ya faru a wurin ƙyanƙyasa ne kawai idan 'yan tsakin sun iso, an kama su an auna bakinsu.